Wa Zai Zauna Gaban Isyaku?

Duk wanda ya taso a lungunan bayan Ƙofar Mazugal ya san rumfar Baba Muttaka da kunne tun kafin ya san ta da ido. Rumfar bugu ce. Nan ake kawo shadda bayan an wanke ta an ba ta sitaci, a shimfiɗa ta a kan gungumen itace, a yi ta dukanta da guduma har ta kwanta ta ɗauki ƙyalli. Mutum biyu ne ke zama a gungume ɗaya suna fuskantar juna. Wannan ya sauke gudumarsa, wancan ya ɗaga tasa, kuma a ɗan tsakanin nan ne hannun hagu yake shiga ya ja shaddar gaba, ya fice kafin itace ya sauko. Ba a kallon hannun, ba a ma kallon gudumar. Kunne ne ke aiki, sai kuma yarda da wanda ke zaune a gabanka.

Ɗalha ya fi kowa sanin abin da ke faruwa idan yardar nan ta kuskure, don yana yawo da shaidarta a hannunsa na hagu. Ɗan yatsansa na tsakiya ya karkace daga gaɓar farko, ba ya lanƙwasuwa, ranar da aka tashi da hadari kuma sai ya yi ta yi masa zogi. Isyaku ne ya yi masa wannan aikin, abokin bugunsa, wanda shi da kansa ya koya wa riƙon guduma shekarun baya.

Ba da gangan ba ne, kowa ya sani. Ƙwaya ce.

Taramol ba ta shigo rumfar da sata ba, ta ƙofa ta shigo. Idan Sallah ta matso shadda ta taru har rufi, akwai wani mai tallan magani da ke bi ta lungun da kwali a ka. Ƙwaya ɗaya da ruwan leda, sai kafaɗa ta manta da ciwo har magariba. Da yawa sun sha, Sallah na wucewa suka bari. Isyaku ne bai bari ba. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya daina ƙirgawa, daga baya ya haɗa da kodin a cikin kwalbar lemo. Bugunsa ya sauya. Ya zama mai sauri kamar ana korarsa, yana yi yana waƙa, ba ya tsayawa ko shan ruwa. Abin da har yau yake cin Ɗalha a rai shi ne, da farko yabonsa suka riƙa yi. Inji suke ce masa. Baba Muttaka da kansa ya sha nuna shi ga masu kawo aiki yana cewa in dai wannan yaron na nan, a dawo gobe a karɓa. Sun ci amfanin saurin nan dukansu, har ranar da gudumar Isyaku ta sauko kafin lokacinta.

Bayan nan komai ya zube masa a jere. Ya sayar da babur ɗinsa. Iyayen matarsa Rukayya suka zo suka ɗauke ta zuwa gidansu a Kabara, mahaifinta ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a zauren gidan. Kakarsa 'Yardada, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensa, ita ce ta kama shi da wuyan riga, tsohuwa da ita, ta tura shi cikin adaidaita ta kai shi asibitin da ake kwantar da masu shaye-shaye. Ya yi watanni a can.

Da ya dawo, gidan Ɗalha ya fara zuwa. Ya tsuguna a zaure, ya kasa ɗaga ido.

"Yaya Ɗalha, ka yafe min."

"Na yafe maka duniya da lahira," in ji Ɗalha. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya duba zuciyarsa a lokacin, ya sake dubawa daga baya, bai tarar da ƙullin komai ba. Har ya sa aka kawo masa fura.

Washegari Baba Muttaka ya tara su a rumfa. Tsoho ne da ba ya ɗaga murya, abokin mahaifin Isyaku tun suna samari.

"Isyaku, ubanka aminina ne, ba zan kore ka da bakina ba. Ga gungumen kusurwa can, ka riƙa buga ƙananan aiki kai kaɗai. Amma ka san gungume na mutum biyu ne. Ga aikin babbar Sallah nan tafe. In shadda ta fara shigowa ba ka sami abokin zama ba, dole in ba wa wasu biyu wurin." Ya dubi sauran. "Kuma ba zan tilasta wa kowa ba. Hannu na mai shi ne."

Ba wanda ya kalli Ɗalha, kuma da haka ne ya gane shi kowa yake kallo. Sauran duk a bibbiyu suke. Shi kaɗai ne ba shi da aboki, don tun da ya ji ciwo ya koma yayyafa wa shadda ruwa da ninke ta. Da farko yatsan ne bai warke ba. Yanzu ya warke tuntuni, amma ba wanda ya tuna masa, shi ma bai tuna wa kansa ba.

Ya san abin da zai biyo baya in aka ba wa wasu gungumen. Isyaku ba shi da wata sana'a a hannu sai wannan. Mutumin da ya tashi da safe ba shi da wurin zuwa kuwa, akwai kangon 'yan shaye-shaye a bayan unguwa inda ake ajiye masa wurin zama.

To amma hannun fa? Da ya tuna zama a gaban Isyaku sai hannun hagunsa ya dunƙule da kansa ya shige aljihu. Abin ya dame shi ƙwarai. In yafiya ta gaskiya ce, me ya sa ba ta sauka har yatsu ba? In kuma yatsun ne suka fi shi gaskiya, to me ya faɗa wa yaron nan a zaure? Ya yi ta juya wannan a ransa yana ninke shaddar mutane, har ranar nan ya ninke wata babbar riga a baibai.

Yana ninkin yana sauraron kusurwa. Bugun Isyaku yanzu a hankali yake fita, dum, a jira, dum, kamar na dattijo. Kafin azahar sai ya ajiye guduma ya riƙe kafaɗa, gumi na tsatstsafo masa, yana hamma. Mai tallan maganin nan bai daina bi ta lungun ba, kuma yakan rage tafiya daidai ƙofar rumfa. Ɗalha ya sha gani da idonsa: Isyaku sai ya juya fuskarsa bango, ya ɗebo ruwan randa ya yi ta sha kamar wanda ya kai azumi, har sai takun mutumin ya yi nisa. Duk unguwar ta saba da sabon bugun. Mata a cikin gida sukan ce, Allah sarki, Isyaku ya dawo mutum.

Ranar da aka sauke ɗaurin shadda na farko a rumfa, Ɗalha ya koma gida ya zauna gaban tuwo yana juya loma. Matarsa Asibi ta tsaya a kansa.

"Malam, tuwon ne ya yi maka laifi?"

"Ina tunani ne."

"Ai na gani. Tun da yaron nan ya dawo kake tunani, har ka rame. Ba ka ce ka yafe masa ba?"

"Na yafe."

"To bakinka ne ya yafe. Hannunka ba a kai masa labari ba."

"Ke ba ki san nauyin guduma ba, Asibi."

"Na san nauyinka kai da kake zaune min a tsakar gida kamar buhun gero. In za ka zauna da shi ka zauna, in ba za ka zauna ba ka gaya masa ya san inda dare ya yi masa. Amma wannan jan ran da kake yi masa, shi ma duka ne."

Ɗalha ya daɗe yana kallon yatsansa. Can ya ce, "Gobe zan zauna."

"Allah ya kai mu. Ci tuwonka."

Da safe ya karya da koko da ƙosai, ya kama hanya yana karanta abin da ya sawwaƙa. Yana shawo kwanar mai shayi sai ya tsaya cak.

Daga rumfa ake jiyo shi. Guduma ɗaya ce, amma tana sauka kamar ruwan sama a kan kwano, ba jira, ba numfashi. Kuma a saman bugun ga murya tana waƙa.

Masu shan shayi duk sun kasa kunne da kofuna a hannu. Mai shayin ya girgiza kai.

"Malam Ɗalha, ka ji ko? An koma gidan jiya."

"Tun da hantsi bai yi ba yake yi," in ji wani. "Kai, ƙwaya ba ta da kirki."

Ba wanda ya ga Isyaku a cikinsu. Ba su bukata. A lungun nan da kunne ake auna mutum, kuma wannan bugun sun san shi, sun yi shekara suna jin sa kafin a karya wa Ɗalha yatsa.

Abu biyu ne suka taso wa Ɗalha a tare. Na farko baƙin ciki. Na biyun kuwa, wanda ya ɓoye a bayan na farkon, sauƙi ne. Wani sanyi ya ji a hannun hagu, kamar an ce masa shi ke nan, ka huta, ba laifinka ba ne, kai ka yi niyya shi ne ya ɓata. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana duban wannan sauƙin, bai ji daɗin kamanninsa ba ko kaɗan. Ashe akwai wani wuri a cikinsa da ke jiran yaron nan ya faɗi.

Ya shiga rumfa. Kowa ya ajiye aiki. Isyaku na kusurwa shi kaɗai yana dukan wata farar shadda, rigarsa ta jiya ce a jikinsa, ta jiƙe sharkaf. Idanunsa jawur. Bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa, murmushi yake har kunne.

Baba Muttaka ya buga sandarsa a ƙasa. Isyaku ya tsaya, ya tsuguna.

"Ina kwana, Baba. Yaya Ɗalha, ina kwana."

"A ina ka kwana?" in ji Baba Muttaka.

"A waje, Baba."

"Wane wajen?"

Isyaku ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Murmushin bai tafi ba.

"Da kai nake. Me ya same ka yau?"

"Ba komai, Baba. Alheri ne."

Kabiru, wanda ke gungumen bakin ƙofa kuma bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Alherin na kwali ne ko na kwalba?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba Muttaka ya ja dogon numfashi, fuskarsa ta tsufa a lokaci guda.

"Na tambaye ka a gaban mutane ka ƙi faɗa. To. Kabiru, laluba min aljihunsa."

A nan ne murmushin ya mutu. Isyaku ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai yanzu ya gane abin da suke gani. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi farin gemun Baba Muttaka, ya sake rufewa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwansa sama a hankali, yadda wanda ya saba da a laluba shi yake yi.

"Dakata, Kabiru," in ji Ɗalha.

Shi kansa bai san zai yi magana ba.

"Baba, a gafarce ni. In an laluba an samu, magana ta ƙare. In ba a samu ba, cewa za mu yi ya riga ya haɗiye. Ta kowace hanya ya faɗi ke nan. To me lalubar za ta gaya mana?"

"Kai me kake so a yi?"

"A miƙo min guduma."

"Ɗalha," in ji tsohon a hankali, "saura yatsu tara gare ka masu kyau. Ka yi tunani."

"Tunani na yi har Asibi ta ce na rame."

Ya naɗe hannun riga ya zauna a gaban Isyaku. Gudumar ta yi masa nauyi kamar ba ita ya riƙe rabin rayuwarsa ba. Hannun hagunsa ya nufi aljihu, ya danne shi a kan shaddar da ƙarfi don kada a gani, amma an gani.

"Yaya Ɗalha, ba sai ka..."

"Zauna. Bismillah."

Abin da Ɗalha ya sani, wanda kunnen da ke waje ba zai iya rabewa ba, shi ne ba sauri ne alamar ƙwaya ba. Mai ƙwaya ba ya jin na gabansa, shi kaɗai ne a duniya. Ka yi sauri, ka yi jinkiri, duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan kuwa sai wanda ya zauna ne zai gane.

Ya sauke, Isyaku ya sauke. Ya sauke, Isyaku ya sauke. Suka ɗauki hanya a tsaka-tsaki. Hannun hagu ya shiga ya ja shadda ya fito. Ya ƙara sauri, Isyaku ya biyo shi. Ya ƙara, ya biyo. Sai kawai ya rage ba tare da wata alama ba, ya koma tafiyar tsofaffi, kuma kafin gudumarsa ta sake tashi Isyaku ya riga ya rage tasa. Ya karya bugun biyu-biyu irin na mutanen da, wanda rabon da a yi shi a rumfar an daɗe. Isyaku ya ɗago ido ya dube shi, ya amsa masa daidai.

Saura abu ɗaya, kuma Ɗalha ya san in bai yi shi yau ba, zai yi ta zama a gungumen nan da rabin jiki har abada. Ya tura hannun hagu ya kama shaddar, bai janye ba. Ya bar shi a nan, yatsan nan karkatacce a shimfiɗe a tsakiyar gungume, ya runtse ido.

Ba abin da ya sauko.

Da ya buɗe ido, gudumar Isyaku na tsaye a sama, jijiyoyin hannunsa sun miƙe saboda riƙe ta.

"Yaya," in ji Isyaku, "ɗauke hannunka mana. Wallahi nauyi gare ta."

Ɗalha ya fashe da dariya. Irin dariyar da ke fitowa daga ciki ba shiri, har da hawaye. Ya juya ga Baba Muttaka.

"Baba, ban san abin da yaron nan ya sha ba, amma ba ƙwaya ba ce. In akwai saura a sam min."

Bai rufe baki ba sai ga guɗa daga bakin lungu, doguwa, tana karyewa a tsakiya don mai yin ta ba ta da sauran haƙora. 'Yardada ce ta tsaya a ƙofar rumfa da sandarta da mayafi a karkace, tana haki.

"Ina ja'irin yake? Ina tsohon mijin nawa? To ka ji da kyau, na sake ka! Na yi sabon ango a Kabara, jawur da shi, hancin nan kamar biro!"

Rumfa ta ɗauka da sowa gaba ɗaya.

"Rukayya ce ta sauka?" in ji Baba Muttaka.

"Da asuba, Muttaka! Namiji! Wannan shashashan a ƙofar asibiti ya kwana a kan benci, sauro ya yi walima da shi. Da gari ya waye surukinsa da kansa ya fito ya kamo hannunsa, ya ce zo ka yi wa ɗanka huɗuba. Mutumin da ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa! Ina juyawa in ce masa ya zo ya karya, sai na nemi mutum na rasa. Wai ya tafi aiki. Aiki!"

Isyaku ya riga ya cusa kansa tsakanin gwiwoyi, ya ja farar shaddar mutane ya rufe fuska.

Sai yanzu kowa ya ga abin da ke gabansu tun ɗazu. Ɗan fari ne. A gidaje irin nasu mutum ba ya buɗe baki ya gaya wa na gaba da shi cewa an yi masa haihuwar fari. Ba ya faɗin sunan yaron, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, in ana zancen ma sai ya tashi ya ba da wuri. Samarin yanzu da yawa sun yar da wannan, a waya ma suke sa hoton tun ba a yanke cibi ba. Amma Isyaku renon 'Yardada ne, Baba Muttaka kuma a matsayin uba yake gare shi. Murna ta cika shi ta rasa ƙofar fita, sai ta bi ta guduma.

"Kai, ɗan nema!" Baba Muttaka ya ɗaga sanda kamar zai maka masa, yana dariya gemunsa na rawa. "Da sai ka bari in sa a laluba ka? Da sai ka bari in kore ka?"

"Baba, ta ina zan fara?" in ji murya daga ƙarƙashin shadda.

"To ai ko Kabiru ka ja gefe ka raɗa masa."

"Kabiru, Baba? Gara in ba wa mai shela."

"Ni na ce alheri ne tun farko," in ji Kabiru. "Tambaya kawai na yi ko na wane mazubi ne."

'Yardada ta kai masa sanda a gadon baya, ya yi waje da gudu yana shelar a kawo shayi, yau angon ƙarni ne zai saya. Kafin wani lokaci lungun ya cika. Mai shayin da ya ce an koma gidan jiya shi ne ya fara shigowa da buta, yana rantsuwa cewa shi tun da ya ji bugun ya san na farin ciki ne. Baba Muttaka ya ja Isyaku gefe ya ce masa wata magana a hankali wadda ba wanda ya ji, aka dai ga tsohon ya dafa kansa ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Ɗalha na zaune a gungume yana kallonsu. Yana tuna lokacin da Isyaku ke tsayawa a tsakiyar lungun nan yana zagin sa'o'in ubansa, wando a rabin ɗuwawu, ko a jikinsa. Kunya ce farkon abin da ƙwaya ta cinye masa. Yau ga ta ta dawo da yawan da har ta kusa raba shi da abincinsa. Ɗalha bai san ko a yaba wa irin wannan kunyar ba ko a yi mata faɗa. Ya ajiye tambayar, zai juya ta a hanyar gida.

Da hayaniya ta lafa aka kwance ɗaurin shadda. Baba Muttaka bai ce komai game da gungumen kusurwa ba, kawai ya ɗebo manyan riguna ya zube a gefensu ya wuce. Suka kama aiki. Hannun hagun Ɗalha na shiga yana fita, wani lokacin har ya manta da shi.

Rana ta take tsaka, bugun Isyaku ya fara nauyi. Ɗalha ya ji tun kafin ya gani. Can sai ga takun mai tallan maganin nan a lungu, ya rage daidai ƙofa. Isyaku bai juya bango ba wannan karon, gabansa ya duba.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "yanzu ne take kirana. Kullum in kafaɗar ta ɗau zafi. Kada ka ɗauka don yau ana murna ta tafi. Ba ta tafi ba."

Ɗalha ya ajiye gudumarsa a kan rigar da ba su gama ba.

"To mu sha iska."

"Ga aiki jibge."

"Yana nan, ba ƙafa gare shi ba."

Baba Muttaka ya leƙo daga inda yake tsaye da wani Alhaji mai jiran kayansa. Ya dubi gudumomi biyu a kwance, ya dubi tulin shadda, ya buɗe baki. Sai kuma ya juya ga Alhajin.

"Alhaji, na ce maka gobe ko? A yi haƙuri, jibi ne."

"Haba Baba Muttaka, da can ai kwana ɗaya kuke yi."

"Da can ke nan. Jibi, in Allah ya kai mu."

Suka zauna a inuwar bango suna shan ruwan randa a moɗa ɗaya. Takun ya yi nisa har ya ɓace. Ɗalha ya miƙe ƙafafu ya ji bayansa na ƙara, rabonsa da irin wannan gajiyar mai daɗi tun kafin ya ji ciwo.

"In an yi la'asar ka raka ni Kabara," ya ce. "Zan je barka. Ina so in ga hancin nan da ake faɗa."

Isyaku ya kau da kai yana kallon rufin rumfa.

"Wane hanci, Yaya?"

"Na wani baƙo ne da ya sauka a can. Ba ka san shi ba."

"To, in dai rakiya ce," in ji Isyaku, yana ta faman danne bakinsa, "zan tsaya maka a waje."